Yadda Muntaka Mai Bargo Ya Roƙi Ƙanƙara Daga Jidda

Ku gyara zama in ba ku labarin Muntaka mai bargo, don in kuka jira shi ya bayar da bakinsa, rabi zai ba ku ya ɓoye rabi.

In ka shiga kasuwar Bab Makka a Jidda ta ɓangaren masu yadi, ka wuce mai dabino ka karya hagu, za ka tarar da wani ɗan shago da kallonsa kawai ya isa ya sa gumi ya karyo maka. Barguna ne jibge har rufi, masu zanen damisa da masu furanni, ga farwa rataye a ƙofa, wato alkyabbar nan mai gashin tunkiya a ciki wadda mutanen arewacin Saudiyya ke sawa in hunturu ya kama. Shagon na kafilinsa ne, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, amma Muntaka ne a ciki shekara talatin da ɗaya. Alhazai da masu umara ke saye su kai tsaraba gida. Shi kansa bai taɓa lulluɓa da ko ɗaya ba. Ina zai lulluɓa, a garin da ko a watan Janairu sai an kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kafin barci ya zo? Amma in ya kama yi wa mai saye bayanin wane bargo ne ya fi riƙe ɗumi, sai ka rantse a cikin firji aka haife shi.

A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya yi shekara bakwai a hanya, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Hutun ne har yau ba a gama ba. Fasfon Muntaka kore ne, na Najeriya, amma iyakar abin da ya sani na Najeriya shi ne fuskokin masu sayen bargo.

'Ya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa Turai, sunanta Najwa. Shi Uwata yake ce mata, don goshin mahaifiyarsa ta ɗauko. Ta auri Abduljalil, ɗan unguwarsu Sharafiyya, wanda ya je Sudan ya karanto aikin gona. An yi masa dariya ba kaɗan ba, wai ɗan Jidda da karatun noma, me zai noma, dabinon shataletale? Sai ga shi wani manomi a tsakiyar Amurka ya ɗauke shi aiki a gonar alkama da shanu. Masu dariya suka zo filin jirgi rakiya.

To ga inda gizo ke saƙar. Najwa ta daɗe a waje har iƙamarta ta mutu, ba ta da sauran takardar zama a garin da aka haife ta. Can kuma zamansu rataye yake da aikin mijinta. Ran da mai gona ya ce ya gode, ranar za su ɗaure kaya, kuma ba Jidda za su nufa ba, sai ƙasar da fasfo ya ce tasu ce, wadda ita da mijin ba wanda ya taɓa taka ta. Da aka yi wa Muntaka wannan bayani sai ya girgiza kai ya ce, "Ashe can ma da kafili." Tun daga ranar ba shi da wani buri da ya wuce zaman Uwata ya ɗore a inda take. Can ta haifi 'yarta Layan, wadda kakanta bai taɓa gani ba sai a fuskar jawwal, wato wayar hannu.

Wurin da suke wata gunduma ce da sunanta ke karya harshe, shi ya sa kowa a Bab Makka yake ce mata garin Najwa. Fili ne shimfiɗe kamar tabarma, ba tudu ba bishiya, sai turakun wuta da shanu. Mutanen gundumar kaf ba za su cika layi biyu na Sharafiyya ba. Muntaka ya sa aka saka masa yanayin garin a jawwal, kuma cikin shekara guda ya zama malami a kai. Ya san ruwansu na shekara bai taka kara ya karya ba. Ya san hunturunsu wata biyar ne, wani lokaci da ɗoriya. Ya san iska ba ta hutu, kuma akwai wata mai ɗumi da ke gangarowa daga duwatsun yamma, ta lashe dusar ƙanƙara a yini ɗaya kamar akuya ta samu gishiri. Ya san da rani ƙanƙara mai ƙwallo kan faɗo kamar ƙwan zabo. Da rana zafi, da yamma a nemi rigar sanyi.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Hashim mai akwatuna, kullum da safe sai ya leƙo.

"Ya Abu Najwa, yau me ake ciki a ƙasarku?"

"Goma sha takwas ƙasa da sifili. Iska daga arewa."

"Nan fa?"

"Nan? Ina na sani. Zafi mana."

A hunturunta na farko Najwa ta turo hoton bidiyo, ita a ganinta abin sha'awa. Ta buɗe ƙofar gida, sai ga farin bango ya tsaya mata har ƙirji. Mota ta ɓace, sai madubinta ɗaya da ya leƙo. Kwana uku ba hanya. Ita tana dariya a bidiyon, shi kuwa Muntaka ranar ko shayi bai iya haɗiya ba. Ya ce wannan abu in bai kashe masa 'ya ba, zai kore ta daga garin, kuma in ta koru ina za ta?

Ya tafi wajen limamin ƙaramin masallacin lungunsu, wani dattijo mai haƙuri. Liman ya ce ai akwai addu'ar da ake yi in ruwa ya yi yawa: Allahumma hawalaina wa la alaina, ya Allah a kewayenmu, ba a kanmu ba. Muntaka ya riƙe ta gam. Ya sa aka rubuta masa sunan gundumar da haruffan Larabci a takarda, yana karantawa a ƙarshen addu'ar don kada a samu kuskuren wuri. Duk Juma'ar da jawwal ya nuna farin gajimare na tafe, Turai za ta soya waina kwano guda, ya kai wa 'yan dakon Bab Makka sadaka.

Ni dai ba malami ba ne, abin da aka gani nake faɗa. Hunturu na biyu, gajimare zai taso daga yamma kamar da gaske, in ya zo daf da garin Najwa sai ya rabu biyu, rabi ya yi arewa rabi ya yi kudu. Gundumomin kewaye su sha ƙanƙara har wuya, nasu ko ɗigo. Na uku ma haka ya fara. Muntaka yakan miƙa wa Hashim taswirar a jawwal, yana nuna ramin da ke tsakiyar farin da ɗan yatsa, yana gyaran murya. Har wata mata mai sayar da turare ta zo ta roƙe shi ya sa ɗanta a addu'a kan maganar iƙama. Ya ce mata shi ba kowa ba ne, amma ya karɓi sunan.

Wata ranar Talata a watan Fabrairu, bayan la'asar, lokacin can gari ya waye, Najwa ta kira. Muntaka na falo, Turai na gefensa tana tsince shinkafa. Abduljalil ya leƙo ya gaida surukinsa, da hular sanyi a kansa.

"Ya waladi, ɗana, yaya sanyi?" in ji Muntaka.

"Alhamdu lillahi, Ammi. Sanyi akwai, ƙanƙara ce dai babu." Ammi yake ce masa, wato baffa.

"Ai ba za ta zo ba," in ji Muntaka, yana gyara zama. Abin da ya ɓoye musu shekara biyu ya ga lokacin faɗarsa ya yi. Ya ba su labarin liman, da takardar, da wainar Juma'a, da yadda gajimare ke rabewa. "Ku dai ku kwantar da hankalinku. Muddin ina numfashi, a kewaye za ta riƙa sauka."

Turai ta ɗago kai, ta zaci layin ne ya yanke. Abduljalil ya cire hularsa ya sake sawa. Najwa ta rufe baki da hannu, ba a san dariya ce ko kuka ba, sai daga baya aka gane duka biyun ne.

"Ya Baba. Ya Baba, haram alaik. Kai ne?"

"Ni ne me, Uwata?"

Ta fita da jawwal ɗin waje ta juya shi. Gona ce iya ganin ido, ja wur, busasshiya, iska na kwasar ƙasa tana watsawa. Hausar Najwa takan gudu in ranta ya tashi, don haka mijin ne ya karɓa ya yi bayani, a hankali, cikin ladabi, yadda ake gaya wa suruki cewa ya taka sahun ɓarawo. Ya ce su can da kaka ake shuka alkama. Ta tsiro kaɗan, sai ta kwanta barci duk hunturu. Dusar ƙanƙara ce ke rufe ta daga iskar da ke ƙona tsiro, in bazara ta zo kuma ta narke ta zama ruwan da za ta sha. Gari ne mai ƙarancin ruwa, abin da ya sauka da sanyi shi ne rabin daminarsu.

"Ammi, ita ce bargon alkamar."

Da ya ce ruwa, da ya ce damina, duk Muntaka bai ji a jikinsa ba. Amma bargo? Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana wa mutane wa'azi kada su kwana a buɗe, ashe shi ne ya yaye wa gona guda mayafi hunturu biyu a jere.

"To yanzu me ake ciki?"

"Bara an yi asara. Mai gonar ya sayar da rabin shanu. Ya ce in Afrilu ya wuce ƙasa ba ta jiƙa ba, ba zai iya sabunta mini takarda ba."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Ba mu so hankalinka ya tashi, Baba," in ji Najwa. "Kullum in na ce ba ƙanƙara sai ka ce alhamdu lillahi, ni kuma na zaci haƙuri kake ba mu."

Da aka kashe waya, Turai ta ajiye tiren shinkafa ta dube shi. "Garin gyaran gira, Abu Najwa. Ni kuma da tsayuwa gaban kasko duk Juma'a."

Washegari ya koma wajen liman, ya ce a yi sallar roƙon ruwa. Liman ya ce wannan ba a yin ta a jam'i sai umarni ya zo daga sama, amma ƙofar addu'a ba mai gadi. Ya ƙara da cewa kada Muntaka ya ɗora wa kansa abin da ba nasa ba, gajimare ba da izinin mai bargo yake tafiya ba. Muntaka ya ce haka ne, Allah gafarta Malam. A ransa kuwa ya ga taswira da idonsa.

Bayan sallar azahar ya miƙe ya roƙi jama'a su taya shi da amin, Allah ya saukar. Nan fa Hashim ya yi tsalle ya dire. Ambaliyar shekarar 2009 ta ci masa mota da rabin gida, tun daga lokacin ko ɗigon mukayyif ya faɗo masa a ka sai ya kalli sama.

"Ya saukar a ina? Ya shaikh, faɗi wuri! Kai bakinka ba na wasa ba ne, mun gani. Ka ce a saukar kawai mu ce amin, gobe mu tashi akwatunana na iyo a Bab Makka?"

"Ƙanƙara na ce, ya Hashim, ba ruwa ba."

"Ƙanƙarar in ta iso Jidda a ƙanƙara za ta tsaya? Fito da takardar nan taka ka karanta sunan garin, sannan in ce amin."

Haka aka yi. Ya karanto sunan, liman ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, jama'a suka ce amin, Hashim ya ƙara da "can, ba nan ba."

Muntaka bai ga hakan ya isa ba. Ya san in an yi sallar roƙon ruwa akan juya mayafi ciki ya koma waje, don fatan Allah ya juya hali. Sai ya yi lissafi irin nasa: mai roƙon ruwan sama ya juya mayafi mara nauyi, mai roƙon ƙanƙara fa? Ya ɗauko farwa mafi kauri a shagon. Litinin da Alhamis da hantsi zai hau rufin benensu, ya yi raka'a biyu, ya juya farwar gashin ya koma waje, ya zura ta, ya fuskanci gabas ya ɗaga hannu. A watan Maris, a Jidda, rana na dukan siminti, iskar teku na manne wa mutum kamar koko. Matan da ke shanya a rufin maƙwabta suka fara ce wa juna ragon layya ya fito. Ƙurajen zafi suka feso masa daga wuya har ƙugu. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya sa kayan da yake sayarwa, ya kuma tabbatar ba ƙarya yake wa alhazai ba.

Maris ya raba, ba labari. Sau ɗaya aka yi 'yar dusa busasshiya kamar garin rogo, Muntaka ya kira da murna, Abduljalil ya ce irin wannan ko ta kai gwiwa ruwan cikinta bai fi a jiƙa leɓe ba, kuma iska ta riga ta kwashe ta ta zuba a kwata. Wadda ake so mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya, ta bazara. Muntaka ya ƙara wannan a addu'a, mai nauyi, jiƙaƙƙiya.

Wata ranar Alhamis ya sauko daga rufi yana ɗigar gumi, ya tarar Turai ta fitar da tarkacen da ke tsohon ɗakin Najwa, tana goge taga.

"Wannan fa?"

"Shara nake."

"Shekara uku ba ki share shi ba sai yau?"

Ta ci gaba da gugarta. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Najwa ta ce in abin bai yiwu ba, kafin su wuce Najeriya za su nemi bizar umara. Wata guda za su yi a nan. Da yarinyar."

Muntaka ya tsaya da farwa a hannu. Wata guda. Layan a wannan falo, tana jan gemunsa, yana kai ta bakin teku da yamma, yana saya mata balila, dafaffen waken nan na Larabawa, a kofi. Shekararsa sittin da uku, ga sukari, ga gwiwa. Bai san sau nawa za a sake yi masa irin wannan tayi ba.

"Bayan watan fa?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, ya Turai. Su sauka a Kano da akwati huɗu su tambayi hanyar gidan wa? 'Yar da ko cinikin tumatir ba ta iya yi da Hausa ba?"

"Ni ban ce komai ba. Ɗaki na share."

Ranar Litinin ya daɗe a ƙasan matakala kafin ya hau. Maƙwabciyar da ke shanya ta ce ranar addu'ar ba ta yi tsawo ba, kuma muryar ba ta fita sosai. Amma ya hau, ya kuma juya farwar. Alhamis ma ya hau.

Ranar tara ga Afrilu gajimare ya taso daga yamma, ya zo daf da garin Najwa, bai rabu ba. Kwana biyu tana sauka, mai nauyi, jiƙaƙƙiya, har ta karya turakun wuta. Aka rufe hanyoyi. Abduljalil da mai gona suka yini suna tono 'yan maruƙa daga cikinta suna kaiwa rumfa. Sai a rana ta uku waya ta shiga. Najwa ce a waje, fari ta ko'ina, Layan a gefenta an naɗe ta kamar ƙunshin goro, ido kawai ake gani.

"Baba! Shuf, shuf, duba! Halas, ya isa haka, don Allah ka sauko daga rufin nan, kada ka binne mu!"

Mutanen garin, in ji ta, sun fito suna rungumar juna a gaban kanti. Dattijon mai gonar da ba ya dariya an ga haƙoransa. Bayan mako biyu, da ta narke, alkama ta tashi kore shar, ya sa hannu a takardar Abduljalil, shekara uku.

A Bab Makka Hashim ya rungume Muntaka ya sumbaci kansa, ya ce daga yau ko tari zai yi ya fara faɗin wuri. Liman ya ce alhamdu lillahi, ya kuma sake tuna masa wanda ke tafiyar da gajimare.

Da la'asar Najwa ta sake kira, suka yi ta murna. Turai ce ta yi tambayar.

"To yanzu yaushe za ku leƙo, ya binti? Ko umarar ce."

"Wallahi Mama, bana da wuya. Ga shanu na haihuwa, ga girbi a Yuli, da kaka kuma shuka. Mai gonar ba shi da kowa sai Abduljalil. In sha Allahu baɗi. Ko waccan."

"In sha Allahu," in ji Muntaka. "Ku dai ku zauna. Zaman shi ne magana."

Aka kashe waya. Mukayyif na ta gurnani. Suka zauna su biyu, ba mai kallon wani.

"Abu Najwa, in gaya maka wani abu ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi."

"Duk hawan nan da kake, ni ban taɓa cewa amin har cikin raina ba. A baki kawai."

Ya daɗe yana susar ƙurajen wuyansa.

"Ni ma sau biyu na so in tsallake sunan garin," ya ce. "Sai na ji tsoro kada ta sauka a kan Hashim."

Turai ta yi dariya har ta kai gefen mayafi ido, ta bar shi a can ya ɗan jima. Sannan ta miƙe ta ce bari ta jiƙa shinkafa, gobe Juma'a, ko ba komai a yi wainar godiya. Ya ce ta yi da yawa. Ta tambaye shi ko ta mayar da tarkacen ɗakin nan inda suke. Ya ce a'a, ta bar shi a share.